Benen Ƙarfen da Bamalli Ya Zana

Ni Lauratu, duk unguwar Wambai an san bakina. Ko mai unguwa in ya hango ni tafe da mayafi a kafaɗa, gyara zama yake yi. Amma yau ba faɗa na zo yi ba. Labarin ƙanena Bamalli zan ba ku, wanda har gobe in an ambaci sunansa a Suleja sai wani ɗan ba-ni-na-iya ya karkace baki ya ce, "Au, wannan da kwamfutarsa ta kashe Bayarabe?" Ƙarya ne, wallahi ƙarya ne. Ku ba ni kunnenku ku ji yadda aka yi.

Mu biyar Inna ta haifa, biyu muka rayu, ni da shi, kuma na ba shi shekara tara. Ni na goya shi har ƙafafunsa suka fara dukan ƙwaurina. Babanmu maƙerin fari ne, a bakin kasuwa yake liƙin bokiti da buta, yana ƙera mazurari. Bamalli bai ɗauko surutu ba, ni na haɗa da rabonsa na kwashe. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Tun yana ɗan shekara bakwai, matan unguwa in za su sayi randa ko tulu a hannun matan Gwari ranar kasuwa, sai su zo aronsa wurin Inna. Zai ƙwanƙwasa tukunya da gaɓar yatsa, ya karkata kai, ya ce, "Wannan tana da tsaga." A duba a rasa, a saya don taurin kai, bayan kwana uku a ga ruwa yana tsattsafowa. Masu tukwanen har korarsa suke yi in sun gan shi.

Ya yi karatu, ya tafi kwalejin fasaha a Kaduna, ya dawo da takardar zanen injiniya. Da gwamnati ta tare a Abuja, ya sami aiki a wani ƙaramin ofis a Garki, wurin wata mata 'yar Ibadan, Injiniya Abimbola. Aikinsu zana wa masu gini mazaunin janareto da famfunan ruwa, irin abubuwan da in an kunna su gini yake ɗaukar girgiza. Kullum da an sallame asuba yana tasha, yana kokawar mota da sauran masu kwana a Suleja su wuni a Abuja. Riga biyu gare shi ta aiki, kuma ba ka taɓa ganin ɗaya da datti.

Sau ɗaya na je ofishin nan, ranar da na shiga kasuwar Wuse sayayya. Kwamfuta ɗaya ce tak a wurin, an lulluɓe ta da ƙyalle, ɗakin ma sanyi kamar ba a ƙasar nan ba. Na ce, "To ni nuna min abin da kake yi da har ba ka da lokacin zuwa gaishe ni."

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, in kin ɗauko ruwa a daro, me ke sa wani lokaci ya riƙa fallatsa yana jiƙa ki?"

Na ce, "Taku ne mana. In takunka ya zo daidai da kaɗawar ruwan, sai ya haukace. Ka ƙara sauri ko ka rage, ya lafa."

Ya ce, "To aikina ke nan. Kowane ƙarfe, kowane bene, yana da nasa kaɗawar. Inji kuma yana da nasa takun. Ni zan rubuta wa kwamfuta sau nawa injin ke girgiza a daƙiƙa ɗaya, ita kuma ta gwada ta gaya min ko benen zai lafa ko zai haukace. Sai dai abin da na tambaye ta kawai take amsawa. In na ce duba min ashirin da biyar, ba za ta leƙa ashirin da huɗu ba."

Na ce, "Ashe ma wawiya ce, ake ta lulluɓe ta kamar amarya." Ya yi dariya har Madam Abimbola ta leƙo daga nata ofishin.

Ni kuma a lokacin injin niƙa nake riƙe da shi. Maigidana ya rasu ya bar min 'ya'ya huɗu da injin dizal ɗaya a wani siririn shago, shi ne cinmu shi ne shanmu. Wanda ke tuƙa min injin Segun ne, mutumin Ogbomoso, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana haya a Chaza da matarsa Yetunde, wadda muke kira Maman Kemi. Shekara goma sha ɗaya yana kan injin nan, tun zamanin maigidana. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, sai dai in ya ce "hatsi" ka ji "asi". Ban taɓa kama shi da ko gwangwanin gari ɗaya ba, kuma ni ba a yi min ɓoyo.

A shekarar 1993 kasuwa ta buɗe. Masu sayar da abinci a wuraren gini na Abuja suka koma aiko da masara buhu-buhu, shago ya cika, ba inda mutum zai sa ƙafa. Sai na yi shawarar a yi min ɗan bene na ƙarfe da katako a cikin shagon, saman injin, a riƙa jibge buhuna a kai, Segun ya tsaya a can yana zuba hatsi kai tsaye a bakin injin. Mai walda ya zo ya kalli wurin, ya ce kwana huɗu ya gama, shi da ido yake aunawa. Bamalli ya ce sam. Ya ce, "Yaya, ina yi wa mutanen da ban sani ba lissafi, sai ke zan bari a yi miki da ido?"

Ya zo da tef ya auna komai. Ya goge wani ɗan faranti da ke manne a jikin injin, inda masu ƙera shi suka buga gudunsa, juyi dubu ɗaya da ɗari biyar a minti, wato ashirin da biyar a daƙiƙa. Ya roƙi Madam, ta yarda ya yi amfani da kwamfutar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in ba aikin ofis. To kwamfutar nan ba sauri gare ta ba. Kowace lamba ɗaya sai ta ci kusan kwatan awa tana nazari, ga 'yan NEPA, kana tsaka da aiki su ɗauke wuta ka koma farko. Don haka ya taƙaita. Ya ce ta fara daga ashirin ta hau har tamanin. Me zai sa ya wahalar da ita a kan ƙasa da ashirin, alhali farantin injin ya ce ashirin da biyar? Nan ne kuskurensa, kuma iyakarsa ke nan. Ya yarda da rubutun masu ƙera inji, ya manta da halin mutanen garinsu.

Juma'a uku ya yi yana abu ɗaya. Ya kawo min doguwar takarda mai huji-huji a gefe, da wani layi na ɗigo-ɗigo kwance lumui daga farko har ƙarshe, ya sa hannu a ƙasa da cikakken sunansa. Ya ce, "Kin ga, babu inda ya ɗaga." Ni kuwa me zan yi in ba yawo da ita ba? Gidan suna, gidan biki, ba inda ban kai takardar nan ba. "Benena kwamfuta ce ta auna shi, ƙanena ne ya zana." Da bakina na ɗaura masa benen nan a wuya, kowa a Wambai ya san na Bamalli ne.

Aka yi bene, ya yi kyau, ya ɗauki buhu ashirin ko gezau. Abu ɗaya ne kawai. Kullum da safe in Segun ya tayar da injin, kafin ya kai cikakken gudunsa, sai benen ya yi wata karkarwa ta ɗan lokaci, kwanuka su yi ƙara, sannan ya nutsu. Haka ma in an kashe. Segun ya ce miƙa yake yi, barci bai ishe shi ba. Muka yi dariya muka wuce wurin.

Sai damina ta 1994 ta zo da yajin aikin ma'aikatan mai. Wanda bai ga wannan lokacin ba ya gode wa Allah. Motoci sun yi layi a gidajen mai har sun yi ƙura, direbobi sun kafa murhu a gefen titi. Dizal sai wurin 'yan bumburutu, galan ɗaya sai ka yi rantsuwa da iyayenka kafin a nuna maka inda aka ɓoye. To mu masu injin niƙa muna da dabararmu tun kaka da kakanni. In mai ya yi wuya, sai a rage wuta. Akwai wata 'yar ƙusa a gefen famfon mai, a murɗa ta baya, injin ya riƙa tafiya a hankali, galan ɗin da zai ƙare da azahar ya kai ka la'asar. Kowa yana yi, maigidana ma ya yi. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a jikin wani faranti.

Na ce wa Segun ya rage. Ya murɗa, ya saurara, ya ɗaga kai sama. Ya ce, "Hajiya, in na bar shi a nan, sama yana rawa."

Na ce, "To ka yi masa kiɗa. Kai za ka ba ni man?"

Ya bar ƙusar a nan, ya hau sama. Karkarwar nan da muke gani ta ɗan lokaci da safe, ita ce ta zama ta wuni guda. Ƙarar ma ta canza, ba a kunne kake jinta ba, a ƙirji. Kwanon da aka ajiye a ƙasa sai ya kama tafiya da kansa. Garin da ya maƙale a katakon sama ya riƙa zubo wa mutane a ka. Matan da ke kawo niƙa suka daina zama a ciki, suka koma rakuɓewa a waje ƙarƙashin rufin kwano. Segun in ya sauko da yamma sai ya zauna yana murza tafin ƙafarsa, ya ce ba ya jinsu. Ina gani, ina ji, na yi kunnen uwar shegu.

Mako uku ana haka Bamalli bai sani ba, don rashin mota ya sa yana kwana a wurin wani abokinsa a Abuja. Ranar wata Asabar ya zo gaishe ni. Tun daga bakin layi na ga ya rage tafiya. Ya tsaya a ƙofar shagon, ko sallama bai yi ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙafar benen. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Yaya, me aka yi wa injin nan?"

"Wuta aka rage, ko kai ba ka san ana wahalar mai ba?"

Bai zauna ya ci abinci ba. Ya juya, rabin hanya a ƙafa rabi a bayan tipa, ya koma ofis. Ranar Litinin ya dawo da wani ɗan agogo mai tsinke, ya danna shi a cibiyar ƙafar injin, ya rubuta abin da ya nuna. Goma sha bakwai a daƙiƙa. Ya sake komawa, ya sa kwamfutar ta duba masa daga goma zuwa ashirin, wurin da ya tsallake a da. Ranar Laraba da hantsi sai ga shi, takalminsa duk taɓo, da sabuwar takarda.

Ya sa Segun ya kashe injin, ya shimfiɗa takardar a kan buhu. Layin ɗigo-ɗigon ya taho kwance, ya iso goma sha bakwai ya miƙe tsaye kamar Dutsen Zuma a tsakiyar fili, sannan ya sauka. Ya ɗauki sifana ya bi mahaɗan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kansa a karkace. A wuri biyu ya tsaya ya maimaita. Ya ce, "Waldar nan ta tsage ta ciki, nan da nan. Yaya, don Allah don Annabi, a mayar da gudun yadda yake yau ɗin nan, a sauke buhunan nan, kada kowa ya ƙara hawa sai an sake walda an ƙara masa tokara. Laifina ne, ban duba ƙasa da ashirin ba."

Kai, wannan kalma ta "laifina ne" ita na cafke. Na hau shi ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce ba kai ka kawo min takarda ka ce babu inda ya ɗaga ba? Yau kuma ka zo da wata? Wacce ce ta gaskiya? Ya ce duka biyun. Na ce ka ji min ɗan boko, gaskiya har biyu! Na ce mai waldar ma ina ya ga wutar da zai yi aiki? In na mayar da gudu man ya ƙare da azahar, 'ya'yan nan huɗu takarda za su ci? Ya tsaya kansa a ƙasa har na gaji don kaina, kamar yadda yake yi tun yana yaro. Sannan ya ce, "Yaya, mutum ne yake tsayawa a kai."

Na ce, "Na ji. Segun, mayar masa." Segun ya murɗa ƙusar a gabansa, aka tayar da injin, benen ya yi 'yar karkarwarsa ya nutsu. Muka sauke buhuna tare da shi. Ya bar min takardar, ya ce in nuna wa mai walda, shi zai dawo ƙarshen mako na sama da zanen tokarar. Ya tafi hankalinsa kwance, don ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Washegari da safe na kalli ɗan abin da ya rage a jarka, na ce wa Segun ya rage wuta. Ya ce, "Hajiya, Injiniya ya ce…" Na ce, "Injiniya ne ya ɗauke ka aiki ko ni?" Wannan maganar ce ta fito daga bakina, ba ƙari ba ragi. Na ce a raina kwana nawa ne, yajin aikin zai ƙare, a yi walda, ba wanda zai sani.

Kwana takwas bayan nan, ranar Juma'a, hadari ya haɗu tun da safe. Wani ɗan kasuwa ya sauke min masara buhu talatin a ƙofar shago, ga ruwa na shirin sauka, ga ciki ba wuri. Na ce a hau da su sama. Aka hau da su. Ruwa ya kece, mata suna rakuɓe a waje, ni ina bakin ƙofa ina faɗa da wata a kan layi, Segun yana sama yana kwance bakin buhu. Ban ji wata babbar ƙara ba. Wani ɗan "ƙas" na ji, kamar an karya kara. Na waiga na ga ƙafar benen ta gefen injin tana lanƙwashewa a hankali, sannan komai ya taho gaba ɗaya, katako da ƙarfe da buhuna da Segun, a kan injin yana tafiya.

Maza suka zo aka janye buhunan. Yana numfashi, idonsa a buɗe, farin gari ya rufe masa fuska. Aka fita neman mota, duk layin ba mai ko ɗigon mai a tanki. A amalanken ɗan kasuwar nan aka ɗora shi, aka rufa masa buhu saboda ruwa, ana turawa ana gudu, ni ina biye ba takalmi. Muna shiga ƙofar asibiti ya cika. Ni aka bar wa zuwa Chaza in gaya wa Maman Kemi, kuma na je, na same ta tana tankaɗe. Abin da ya biyo baya ba zan iya faɗa ba.

'Yan sanda suka zo suka yi rubuce-rubucensu, manya suka shiga tsakani aka ce a zauna a gida tukuna. Bayan an kai gawar garinsu an dawo, aka taru a zauren mai unguwa. Ga Sarkin Yarbawa, ga faston cocinsu Segun, ga mai walda, ga Injiniya Abimbola ta zo da kanta. Mu mata muna daga bakin ƙofa a kan tabarma, Maman Kemi tana gefena cikin baƙaƙen kaya. Takardar nan ta biyu tana ƙulle a haɓar zanina. Ni kaina ban san me ya sa na ɗauko ta ba.

Mai walda ya rantse ya maya, ya ce shi zane aka ba shi, zane ya bi. Aka juya kan Bamalli. Na san ya je shagon, ya durƙusa a cikin tarkacen ya duba ƙusar nan, ya ga inda take. Ya miƙe tsaye, ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafina ne bai cika ba. Na sa kwamfuta ta fara daga ashirin, ya kamata in fara daga ƙasa."

Madam ba yarinya ba ce. Ta ce, "Bamalli, injin ashirin da biyar ne. Me ya kai shi ƙasa da ashirin?"

Ya ce, "Madam, a garin nan in mai ya yi wuya ana rage wuta. A nan aka haife ni, ya kamata in sa shi a lissafi." Bai ce wa ya sa aka rage ba. Bai ce ya zo ya yi gargaɗi ba, bai ambaci takarda ta biyu ba. Su kuwa dattawan zauren, rabinsu ba su fahimci ashirin da goma sha bakwai ba. Abin da suka ji kawai shi ne yaro ya amsa laifi.

Mai unguwa ya leƙo ya ce, "Lauratu, kina da magana?"

Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Na ga an rufe shago, na ga kaina a gidan yari, na ga 'ya'yana a rarrabe a gidajen dangi. Ni da ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba, na buɗe baki na ce, "Babu, ranka ya daɗe." Aka ce ƙaddara ce, aka yi addu'a, aka tashi.

Madam ba ta wulaƙanta shi ba, amma ta gaya masa ba za ta iya sake sa sunansa a ƙasan wata takarda ba. Ya ajiye aikin da kansa. Gidan da yake neman aure suka aiko a ba shi haƙuri. In ya ratsa kasuwa sai a riƙa zunɗensa, yara suna "kwamfuta, kwamfuta" a bayansa. Kafin shekara ta zagayo ya tattara ya koma Tafa, inda manyan motoci ke yada zango, ya kama ɗaki ɗaya a bayan wani gareji. Direbobi su tayar da mota, ya kara kunne a jikin inji ya gaya wa makanike inda zai kwance, a ba shi na abinci. Bai ƙara taɓa kwamfuta ba har ya bar duniya.

Ni kuwa na gyara injina, na ci gaba da niƙa, ba bene. Duk sallah yana zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ci tuwo, ya yi wasa da yara. Ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba. Na riƙa tsokanarsa da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wai ko zai fusata ya zage ni in sami sauƙi. Ina! Sai dai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Yaya." Wannan haƙurin nasa ya fi duka ciwo, kuma akwai ranakun da na tsane shi saboda shi, Allah na tuba.

A 1998 ciwon hanta ya kwantar da shi, na ɗauko shi na dawo da shi ɗakina. Ya rame har ina ɗaga shi da hannu ɗaya. Wata rana da la'asar ina ba shi kunu na ce, "Bamalli, maganar benen nan…" Ya rufe ido ya ce, "Yaya, ƙara min sukari." Kwana biyar bayan nan ya rasu, yana da shekara talatin da biyar, ba mata ba ɗa.

Da aka yi sadakar bakwai na saɓi mayafi na nufi Chaza. Maman Kemi ba ta koma garinsu ba, tana nan tana suyar ƙosai a bakin hanya tana riƙe da 'ya'yanta. Na tsuguna a gefen kaskon na gaya mata komai, tun daga kan ƙusar har zuwa abin da na ce wa mijinta. Ba ta daina juya ƙosanta ba.

Ta ce, "Hajiya, na sani. Ranar da kika sa ya sake ragewa, da ya dawo gida ya faɗa min. Na ce kada ya hau, ya ce in bai hau ba aikin wa zai yi."

Na ce, "Kin sani? To me ya hana ki faɗa a zauren?"

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ce, "Ni baƙuwa, 'yar haya, in tashi a gaban manyan gari in nuna 'yar gari da yatsa? Bakinki nake kallo. Na ce wannan matar da ba ta tsoron kowa, yanzu za ta faɗa. Ƙanenki ya zo nan ya fi sau goma yana durƙusa min. Na ce masa tashi, ba kai ba ne. Ya ce in rufa miki asiri saboda yara." Ta kwashe ƙosan ta zuba a kwando. "Ba ni za ki gaya wa ba, Hajiya. Ki je inda kika yi shiru."

Na je. Washegari bayan azahar na tsaya a ƙofar zauren nan, dattawa suna zaune, wasunsu ma suna wurin a wancan zaman. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce ni na sa aka rage wuta, Bamalli ya zo ya hana, na yi masa ƙarya, ni na kashe Segun, ni na kashe sunan ƙanena. Suka saurare ni har na kai aya. Mai unguwa ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Haba Lauratu, zafin rashi ne ke sa ki wannan maganar. Yaron nan da bakinsa ya amsa a gabanmu, muna zaune. Ki yi masa addu'a kawai, Allah ya yafe masa kuskurensa."

Suka ce amin gaba ɗaya. Na ce ba shi ne mai kuskuren ba, ku tsaya ku ji. Wani ya ce a kira mata su raka ni gida. Ladan ya kira la'asar, suka laluba takalmansu ɗaya bayan ɗaya suka ratsa ta gefena, ina tsaye a ƙofar zauren ina ta magana.